Wace burauza zan koma?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Don Allah wace burauza zan koma? Sau ɗaya tak na duba kuɗin injin markaɗe jiya, yau duk shafin da na buɗe tallansa ke bina kamar na ci bashi.

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam. Brave, Yaya. Magana ta ƙare.

Injiniya: Ba ta ƙare ba. Brave tana tare talla, ban musa ba, amma a kan Chromium, wato tushen burauzar Chrome, aka gina ta, kuma Google ke riƙe da linzaminsa. Haka Opera tun 2013, haka Edge tun 2020, haka ta Samsung. Riga ce kawai ta bambanta. Manyan injunan da ke buɗe shafuka a cikin burauza uku suka rage: Blink na Google, WebKit na Apple, sai Gecko na Firefox.

Ɗan Auta: In dai talla ta ɗauke, ina ruwanmu da inji?

Injiniya: Mai inji shi ke kafa doka. Da Google ta kawo Manifest V3, sabuwar dokar ƙananan manhajojin da ake ƙara wa burauza, uBlock Origin na ainihi, wanda ke tare talla, ya daina aiki a Chrome. A Firefox yana nan daram, har a wayar Android.

Hajiya Mai Atamfa: Ku tsaya ku ji tawa. Akwai wata burauza da ta zo da wayata tun daga kwali, ba zan kama suna ba. Ban taɓa buɗe ta ba, amma kullum sai ta turo min labarai. Ranar nan surukata ta zo zaɓen kayan lefe, na miƙa mata wayar tana duba leshi, sai ga wani hoto na rashin ɗa'a ya faɗo a saman allo. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Baiwar Allah ba ta ce uffan ba, ta dai kifa wayar a kan tabarma. Na yi na yi in goge abar nan ta ƙi. Sai da na kai wa wani yaro a kasuwar waya ta Farm Centre, ya ce ba ta goguwa sai dai a kashe ta. Ya kashe, ya sa min Firefox. Tun ranar ko datata ta fi auki.

Maman Biyu: Subhanallahi! Sannu Hajiya. Ta dai sayi leshin?

Hajiya Mai Atamfa: Kala biyu ma 😂

Kawu: Ni Incognito, shafin sirrin nan na Chrome, nake buɗewa, hankalina kwance.

Injiniya: Kawu, da girmanka, wannan daga masu ɗaukar wayarka kawai yake ɓoye ka. Shafin da ka shiga yana ganinka, kamfanin layinka ma ya san inda ka je. A 2024 sai da Google ta yarda za ta goge ɗimbin bayanan masu Incognito don a kashe wata shari'a a Amurka.

Ɗan Gayu: Ku sayi iPhone ku huta.

Ɗan Auta: Ga shi nan ya fara. Wa ya tambaye ka?

Injiniya: A iPhone ɗinka ko Firefox ka sauke, WebKit ne a cikinta. Kai ko zaɓin ma ba ka da shi.

Malama: Injiniya, faɗi gaskiya duka mana. Mozilla, masu Firefox ɗin da kake yabo, mafi yawan kuɗinta daga Google yake fitowa, ladan sa ta a matsayin wurin bincike na farko.

Injiniya: Haka ne Malama, abin na ci min tuwo a ƙwarya. Shi ya sa nake sa ido kan Ladybird, sabuwar burauzar da su Andreas Kling ke ginawa daga tushe ba aron inji. Sai dai da kwamfuta suka fara, masu waya sai haƙuri.

Kawu: Ni dai Opera Mini tun zamanin Nokia, ba na sakin ta.

Malama: Tana rage cin data ne saboda shafin ta kwamfutocinsu yake bi, su matse shi kafin ya iso ka. Sai ka auna, Kawu.

Baban Ummi: To ni yanzu wacce zan sauke?

Maman Biyu: Baban Ummi, injin markaɗen sabo kake so ko na hannu? Maƙwabcina zai sayar da nasa.