Yaya Yahudawa suke zaɓa wa ɗa namiji suna?

Mamar Biyu, Bukuru:
Salama jama'a. A Luka 1:59 dangi sun so a sa wa Yahaya sunan babansa Zakariya ranar kaciya. Haka Yahudawa suke yi har yanzu? In an haifi namiji, wa ke zaɓen sunan, kuma me ake dubawa?

Dattijo, Tudun Wada:
'Yata, fara da tambayar daga wane ɓangare iyalin suka fito, don a nan mutane suke yin kuskure. Ashkenazi, wato waɗanda kakanninsu suka zauna a Jamus da gabashin Turai, sunan mamaci suke mayarwa. Ba sa sa wa jariri sunan uba ko kakan da yake raye, kuma in ka kawo wannan shawarar za ka iya ɓata wa tsoho rai. Sefardi kuwa, 'yan asalin Sifen da suka bazu zuwa Maroko da Turkiyya, girmamawa ce a wurinsu a yi wa kaka takwara yana raye. Ɗan fari sunan kakan wajen uba, na biyu na wajen uwa. Wannan ya fi kama da namu, sai dai mu mukan sakaya da Abba saboda alkunya.

Iyaye ne ke zaɓa. In wanda za a mayar da sunansa ya rasu da ƙuruciya, wasu sukan ƙara Hayim, ma'ana rai. Sunan mugu kamar Haman ba ya shiga lissafi, hujjarsu Karin Magana 10:7.

Malamin Ibrananci, Rayfield:
Baba ya faɗi gaskiya. Bari in ƙara batun rana, don a wurin kaciyar ake bayyana sunan, kafin nan iyaye da yawa ba sa faɗa wa kowa. Rana ta 8 ce bisa Farawa 17:12, kuma ranar haihuwa ita ce ta 1. Wanda aka haifa Litinin da hantsi, Litinin mai zuwa ke nan. Amma ranarsu daga faɗuwar rana take farawa, saboda haka haihuwar Litinin da ƙarfe 9 na dare Talata ce. Wadda ta faɗo tsakanin faɗuwar rana da fitowar taurari, rabbi, wato malamin addininsu, ake tambaya.

Ko rana ta 8 ta faɗo Asabar, ranar hutunsu, ana yin kaciyar, sai dai in tiyata aka yi wa uwar, to a kai Lahadi. In jariri yana da ciwon shawara, wanzaminsu, wanda suke kira mohel, ba zai taɓa shi ba sai ta sauka, kuma ina ganin wannan daidai ne.

Yaya Ladi, Farin Gada:
Ƙanwata, kula da yadda ake kiran sunan: yaro, sai ben, sai uba. Dawid ben Moshe, wato Dauda ɗan Musa. In uban zuriyar firistoci ne a ƙara ha-Kohen, in Balawe ne ha-Lewi. Da wannan sunan za a kira shi karatun Attaura a majami'a, shi za a rubuta a takardar aurensa, don haka a rubuta shi da haruffan Ibrananci tun ranar a adana. Addu'ar mara lafiya kuma da sunan uwa ake haɗawa.

Ana kuma duba lokaci. Ɗan da ya zo kusa da idin Furim, wajen Fabrairu ko Maris, sau da yawa Mordekai ne, domin idin na tunawa da labarin Esta da Mordekai ne.