Yadda za mu sake tsarin masu aikin sa-kai ba tare da ƙungiya ta watse ba

Sakataren wata ƙungiya, Bauchi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar ƙungiyoyin taimakon al'umma, musamman a Bauchi da Gombe. Ni ne sakataren wata ƙungiya mai rajista a garin Bauchi, wadda ke biya wa marayu kuɗin makaranta da raka marasa galihu asibiti. Duk masu yi mana aiki na sa-kai ne, ba ma biyan kowa albashi.

Tun farko mun bi ƙananan hukumomi 20 na jihar, muka ba kowace ɗaya jami'i guda wanda ke kawo rahoto kai tsaye ga kwamitin zartarwa. Yau rajistarmu cike take da sunaye, amma idan aiki ya taso kaɗan ne ke fitowa, domin wasu sun yi aure sun bar gari, wasu kuma ɗalibai ne da suka gama karatu a manyan makarantun Gadau ko Yelwa suka koma garuruwansu. Ƙaramar hukumar Toro kaɗai ta fi ƙarfin mutum ɗaya, don wanda ke zaune a Tilden Fulani ba zai san halin da maraya ke ciki a Lame ba. Wakilinmu na Azare kuwa sai ya yi tafiyar kusan kilomita 200 kafin ya halarci taron wata, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninninka.

Kwamiti ya kawo shawarar a raba jihar shiyya uku bisa mazaɓun sanatoci, a naɗa shugaban shiyya, sannan a sauke jami'an da suka daina aiki, alhali wasunsu dattawa ne da suka kafa ƙungiyar da kuɗin aljihunsu. Shin wannan tsari zai magance matsalar? Ta wace hanya za a karɓi muƙami daga dattijo ba tare da an ci masa fuska ba? Kuma ya dace mu fara biyan alawus?

Tsohon malamin makaranta, Gombe

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka muku da alheri. A ganina kwamitinku yana shirin ƙara mataki a sama ne, alhali ciwon yana ƙasa. Idan mutum ɗaya ya kasa riƙe Toro, ɗora masa shugaban shiyya wanda zai haɗa Toro da Alkaleri da Bogoro ba zai kusantar da kowa ga marayan Lame ba, sai dai rahoto ya ƙara tsayawa a hannu ɗaya kafin ya iso gare ku.

Abu na farko shi ne tantancewa, kuma kada a yi ta ta waya, don a waya kowa zai ce yana nan. A je gari-gari, a kira zama, a tambayi kowa aikin da ya yi a baya-bayan nan da lokacin da zai iya bayarwa a mako. Wanda ya ce ba shi da sarari a gode masa, a mayar da sunansa jerin masoya ƙungiya, waɗanda za a nema lokacin azumi ko rabon kaya. Sai kun san adadin masu aiki na haƙiƙa za ku san irin tsarin da za su iya ɗauka.

Bayan haka ku sauko da tushen aikin zuwa gunduma, wato mazaɓar kansila. A nan Gombe ƙananan hukumomi 11 ne kawai, amma gundumomi 114 ne, kuma a matakin gunduma ne mutane suka san juna. Ku duba yaƙi da shan inna. Daga shekarar 2012 UNICEF ta riƙa ɗaukar mata masu wayar da kai daga cikin unguwanninsu, kowace da gidajen da ta sani, kuma sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni suka tsaya a bayan aikin, har aka tabbatar da Afirka ta rabu da cutar ta asali a watan Agustan 2020. Uwa tana buɗe wa maƙwabciyarta ƙofa cikin sauƙi fiye da baƙon da ya zo daga hedikwata. Ku kafa ƙananan rukunoni na mutum biyar zuwa bakwai, su zaɓi jagoransu da kansu, su kuma gabatar da kansu ga kwamitin raya gunduma da ke aiki da ƙananan asibitoci, inda yake da rai.

Amma duk wannan ba zai yi amfani ba idan izinin kashe kuɗi ya ci gaba da zama a Bauchi. Idan naƙuda ta kama matar da ba ta da kowa da tsakar dare, jagoran rukuni ba zai jira sa hannun ma'aji da safe ba. A ba kowane rukuni ɗan kuɗin gaggawa mai iyaka da littafi mai kaurin bango, a rubuta kwanan wata da dalili da adadi, mutum biyu su sa hannu, a ƙarshen wata a ɗauki hoton shafin a tura muku ta WhatsApp. Wanda bai tura ba, ba a sake cika masa.

Hajiya, ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Azare

Na yarda da yawancin abin da Malam ya faɗa, sai dai ban goyi bayan a watsar da shiyya gaba ɗaya ba. Mu da ke ƙasar Katagum mun san abin da damina ke yi. Idan kogi ya cika, wasu ƙauyukan Zaki da Gamawa da Jama'are sai su yanke, kuma babu wanda zai taso daga Bauchi ya duba rukuni a can. Ana buƙatar mutum a Azare, wani a Misau ko Ningi, amma aikinsa ya zama ziyara da koyarwa da sasanta saɓani. Kada kuɗi su bi ta hannunsa, kada kuma ya zama shi ke ba da izini.

Ɗana Sakatare, akwai abin da ban ji ka ambata ba, wato mata. Marayu da iyayensu mata suna cikin gidaje ne, yawancinsu kuma gidajen ba shiga ne ga namiji. Macen da ke shiga ita ce ke ganin tukunyar da ba a ɗora ba tun safe, ita ce ke lura da yaron da ke ɓoye ƙafarsa saboda gyambo. Amma idan aka zo naɗa shugabanni sai a ba maza, a sa taro bayan magariba a wurin da ba za ta iya zuwa ba, daga baya a rubuta cewa ba ta halarta. Ina ba da shawarar kowane rukuni ya kasance da jagora mace da ke kula da ziyarar gida, a yi taro da hantsi ko bayan la'asar a makarantar Islamiyya ta unguwa, kuma kafin matar aure ta fara aiki dattijon ƙungiya ya je ya gaida maigidanta ya yi masa bayani. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN tana aiki tun 1985, akwai darasi mai yawa a yadda take tafiyar da rassanta.

Game da alawus, ku yi hattara. Ranar da kuka sanar da kuɗin wata, rajistar da kuka tsaftace za ta cika da 'yan'uwa da surukai, ranar da kuɗin suka yanke kuma aikin ya tsaya. Abin da ya wajaba a kanku shi ne mayar wa mutum abin da ya kashe, kuɗin acaɓa da katin waya, a cikin makon da ya kashe su. Mutane da yawa da ake cewa sun yi sanyi, kunyar roƙon haƙƙinsu ce ta zaunar da su. Sannan a rubuta ƙa'ida cewa mutum ɗaya ba ya ziyartar maraya shi kaɗai, kuma ba a saka hoton yaro a Facebook don neman taimako sai da yardar mai riƙonsa.

Wani lauya, Bauchi

Ƙari kaɗan ta fuskar doka. Idan rajistarku ta amintattu ce, wato mutanen da aka yi rajistar ƙungiya da sunansu, a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, dokar kamfanoni ta 2020 ce ke tafiyar da ku. Ku buɗe kundin tsarin mulkinku tukuna. Idan muƙamin jami'in ƙaramar hukuma yana rubuce a ciki, kwamitin zartarwa ba zai soke shi da kansa ba, sai babban taro ya zartar da gyara an kuma kai wa hukumar ta amince. Idan cikin dattawan akwai amintattu, sauya su na buƙatar sanarwa a jarida da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Dokar ta amince a mayar wa shugabanni kuɗin da suka kashe a hidimar ƙungiya, don haka shawarar Hajiya ba ta saɓa mata ba.

Dattawa kuwa, kada a fara da su. A sanya wa'adi ga dukkan muƙamai, har da na sakatare, ya fara aiki daga babban taro mai zuwa. Sannan a kafa majalisar dattawa mai aiki na gaske: gabatar da sababbin rukunoni ga hakimai da dagatai, neman zakka da sadaka wurin 'yan kasuwa, da sauraron ƙorafi. A same su ɗaya-ɗaya a gidajensu kafin ranar taro, don kada dattijo ya fara jin labarin a bainar jama'a.

Sakataren wata ƙungiya, Bauchi

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na duba kundinmu, muƙamin yana rubuce a ciki, saboda haka dole mu jira babban taro. Kafin nan zan roƙi kwamiti ya amince mu fara tantancewa, mu kuma gwada rukunonin gunduma a Toro da Katagum kaɗai, tare da kuɗin gaggawa da littafin da Malam ya bayyana. Hajiya, idan ba damuwa, ina so ki ƙara mana bayani kan abin da ya kamata jagora mace ta riƙa rubutawa bayan kowace ziyara, domin da yawa cikin matanmu sun fi iya ajami a kan boko.