Hawan tudu da shiga birni a rana ɗaya: ana iyawa kuwa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna shirin tafiya a mota, mu ga duwatsu, mu ɗan taka ƙafa, mu leƙa birane a hanya. Wani ya ce mana ranar hawan tudu ba a sa birni a cikinta, ko da Google Maps ya nuna tuƙin awa 3 ne kacal. Haka ne, ko tsoro ne kawai?

Tsohon direba: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Maganarsa dutse. Awa ukun waya ba su san da shan mai ba, ba su san da ɗaukar hoto ba, alhali a hanya mai kyan gani tsaye-tsayen nan su ne tafiyar. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ma ya ba da shawarar hutun aƙalla minti 15 duk bayan awa 2. Ki ɗauka awa 5 ne.

Mai son tsauni: Baba, a gafarce ni, ban yarda ba. Ai akwai lissafi. Tun 1892 William Naismith, mahayin tsaunuka ɗan Sikotilan, ya fitar da shi: kilomita 5 a awa ɗaya, sai a ƙara awa guda kan kowace mita 600 ta hawa. Zagayen kilomita 6 mai hawan mita 300 bai cika awa 2 ba. Ku yi sammako, kafin azahar kun sauko, da yamma kuna birni.

Wata 'yar'uwa: Malam, lissafin nan na mai jini a jika ne da ba ya tsayawa ko shan ruwa. Kuma saukowa ce ke cin gwiwa. Ka sauko ƙafa na rawa, ka ci abinci, ka kama sitiyari tsakanin ƙarfe 2 da 4, daidai lokacin da gyangyaɗi ke kama mutum. Daga nan sai cunkoson masu tashi daga aiki, ga neman inda za a ajiye mota. Birnin ma me za ka gani a cikinsa?

Mai son tsauni: To ai su biyu ne, Yaya. Ɗaya ya tuƙa da safe, ɗaya da yamma.

Mai tambaya: Ina tuƙi a gari, amma kwana-kwanar dutse ba na iyawa.

Tsohon direba: Ashe direba ɗaya ne. To ku kwana kusa da tudun, ku bar jakunkuna a masauki, kada a hango su ta gilashi. Birni sai washegari. Ki kuma tuna masa ya sa ƙaramin giya a gangare, kada birki ya ɗau zafi.

Mai son tsauni: Na sassauta, amma in birnin bai wuce awa ɗaya ba, ina nan kan bakana.