Kuɗin ajiye mota a ƙofar shagona: ƙaramar hukuma tana da hurumin karɓa?

Mai Shagon Taki:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon taki da maganin feshi a bakin titi a wani gari a Jigawa, gidana kuma yana bayan shagon, bango ɗaya ne ya raba su. Ina da wata tsohuwar a-kori-kura da nake ɗauko kaya da ita daga Kano, kuma ba inda take kwana sai ƙofar shagon, don lungunmu ko amalanke da ƙyar take juyawa. Makon jiya wasu samari biyu suka zo, suka ce daga ƙaramar hukuma suke, wai an fito da sabon tsari: duk mai shago ko mai gida da motarsa ke kwana a bakin titi zai yanki sitika ta shekara, naira 5,000. Na ce ina rasit? Ɗayan ya zaro wani ɗan littafi daga aljihun gaba, ba lamba ba hatimi, shafukan ma duk sun sha gumi. Na ce su dawo.

Ba ma kuɗin ne ya fi damuna ba. Ranar kasuwa tun kafin asalatu manyan motocin riɗi da zoɓo suke jeruwa a gabana, ba sa tashi sai la'asar sakaliya. Manomi ya zo sayen buhun taki ya rasa inda zai tsayar da babur. To, suna da hurumin karɓar kuɗin nan? In kuma na biya, wurin ya zama nawa ke nan, in iya korar mai babbar mota irin su Kanta?

Tsohon Ma'aikacin Sakatariya:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na yi aiki a sashen kuɗin shiga har na yi ritaya, bari in faɗa maka yadda abin yake.

Hurumi dai akwai. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, kwata, shaguna, da ba da lasisin keke, baro, amalanke da kwalekwale. Kafin nan ma, dokar soja mai lamba 21 ta 1998, wadda ta raba wa tarayya da jiha da ƙaramar hukuma harajin da kowa zai karɓa, ta sa kuɗin tasha da tarar ajiye mota a inda bai dace ba a kason ƙaramar hukuma. Amma ka lura, tarar wanda ya yi laifi daban, sitikar shekara ga wanda motarsa ke kwana a ƙofar gidansa daban. Irin wannan sai majalisar kansiloli ta zauna ta yi mata doka a rubuce, da adadin kuɗin, da titunan da ta shafa. Ba abu ne da ciyaman zai faɗa da baki a zauren gidansa ba, balle wani ɗan kwangilar karɓar haraji.

Don haka ka je sakatariya da ƙafarka, ka nemi jami'in kuɗin shiga ko ma'aji, ka ce a nuna maka dokar. In akwai ta, ka biya a can, a ba ka rasit mai lamba da sunan ƙaramar hukumar a buge. Littafin aljihun nan ni ban yarda da shi ba. Ka kuma tambaya titin naku na wane ne, don babban titin da ya ratsa gari galibi na jiha ne ko na tarayya, hannun ƙaramar hukuma bai cika kai wa can ba.

Tambayarka ta biyu kuwa, a'a. Iyakar mallakarka ita ce inda takardar filinka ta tsaya. Daga kwalbati zuwa kwalta na jama'a ne, ko nawa ka biya.

Direban Kanta:

Baba ya yi bayani, Allah ya saka. Amma Alhaji, ku ma ku riƙa yi mana adalci. Kana tsammanin don daɗi muke tsayawa a ƙofarku? Tashar da ake cewa mu shiga, da damina in ka shiga da buhu ɗari a baya sai an nemo tarakta ta jawo ka. Kuma kafin in kashe inji na biya na 'yan kamasho, na biya na kasuwa, ga 'yan dako suna jira. Je ka Maigatari ranar Alhamis ko Gujungu ranar Lahadi ka ga yawan motocin da ke zuwa, wace tasha ce za ta ɗauke su duka?

Shawarata, ka bar maganar sitika, ka sami shugaban direbobin garinku kwana ɗaya kafin kasuwa, ba ranar da kowa kansa ya ɗau zafi ba. Ka ce a bar maka faɗin mota ɗaya. In ya ce a bari, ba yaron motar da zai ƙetare. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da wasu ke jerawa a ƙofa kuwa, kwandasta zai sauko ya ture su ne kawai, daga nan sai zage-zage.

Malama Daga Kazaure:

Yayana yana zaune a Ingila, can ne wannan tsarin ya kafu sosai. Ƙaramar hukuma ke sayar wa mazauna unguwa da masu sana'a izinin ajiye mota a titinsu, an shata wuraren da fenti, ga allo da ke nuna sa'o'in da dokar ke aiki, baƙo ya tsaya a ci shi tara. Duk da haka izinin bai ware maka ƙofar gidanka ba, in maƙwabci ya riga ka sai ka matsa gaba. Mu a nan an ɗauko karɓar kuɗin an bar fentin da allon. Alhaji, ka tambaye su: in ka biya, wa zai zo ranar kasuwa ya hana wanda bai biya ba tsayawa?

Mai Shagon Taki:

Na gode muku duka. Baba, na yi magana da mai kemis da mai walda da ke layinmu, ashe su ma an je musu, mai walda har ya ba da rabi. Mun shirya ranar Litinin mu biya ta wurin dagaci mu sanar da shi, sannan mu wuce sakatariya tare. Malam direba, shugaban tasharmu yana sayen taki a wurina, zan tare shi in ya zo. Amma maganar buhu ɗari a kanta, ku ma dai ku ji tsoron Allah da lodin nan.