Hilux ɗina ta haura kilomita 380,000, in juye man giya ko in bar shi?

Mai tambaya, Aliero: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min, kwana biyu ba na barcin kirki. Ina da Hilux ƙirar 2008, ta yayana ce, Allah Ya jiƙan shi. Da aka zo rabon gado sauran 'yan uwa suka ce a sayar, ni na ce a bar min ita, na ci bashi na biya su kasonsu, har yau ban gama biya ba. Da ita nake ɗaukar albasa zuwa Jega da Birnin Kebbi, wani lokaci har Yauri, da ita iyalina da marayun da ya bari suke ci. Mita ta wuce 380,000. Yanzu da safe in na sa ribas sai ta yi jinkiri kafin ta kama, in ta kama kuma da bugu. Wani bakanike ya ce a yi wa giyar wankin na'ura a zuba sabon mai, wani ya ce in na taɓa man, motar ta mutu. Ga kakar albasa ta zo. Ya zan yi?

Direba, Koko: Wa alaikumus salam. Otomatik ce ko giyar hannu? Yaushe aka yi juyen ƙarshe? Wane launi man yake?

Mai tambaya: Otomatik ce. Marigayi ba ya wasa da sabis, kowa ya shaida.

Oga bakanike, Jega: Malam, kar ka kuskura. Sabis ɗin da ake nufi na baƙin man inji ne, yawancin mutanenmu ba sa tunawa da man giya sai ta fara ciwo. Faifan kulocin da ke cikin giyar nan sun cinye, garinsu yana yawo cikin tsohon man, shi ke taimaka musu su riƙa kamawa. Ka zuba sabo, santsi ya ƙaru, ta fara zamewa. Wankin na'ura kuwa tura datti yake cikin ƙananan hanyoyin mai. Ka lallaɓa ta, ka fara tara kuɗin giya 'yar Kwatano.

Malamin makarantar koyon sana'a, Birnin Kebbi: Oga, na yarda kar a yi wankin na'ura, amma ban yarda a bar man ba. Sabon mai ba ya kashe lafiyayyar giya, wadda ta riga ta lalace yake tonawa asiri. Ɗan'uwa, ka ɗuma motar, ka tsaya a fili mai daidai, inji na aiki, giya a P, ka zaro sandar awon man giya ka goga a farin ƙyalle. In ja ne ko ruwan ƙasa kuma ba ya ƙauri, a kwance kwanon ƙasa, a wanke maganaɗisun da ke ciki, a canza filta da gasket. Lita 3 zuwa 4 ne za su fita, sauran na cikin konbata, wato ɓangaren da ke haɗa inji da giya, don haka a hankali man ke sabuntuwa. In baƙi ne mai ƙauri da ɓarɓashin ƙarfe, to maganar gyara ake. Kuma ƙarancin mai kaɗai na kawo jinkirin ribas.

Oga bakanike: Malam, wannan karatun allo ne. Mu muke kwance giyar nan kullum. Mota mai lodi a zafin Afrilu, sama da digiri 40, ai man ya daɗe da dahuwa.

Mai kanta, Argungu: Ni dai mi za ni ce, jabun mai ya ƙare mu. Na sayi galan da hatiminsa, wata guda giyata ta riƙa kuka. Na koma shagon, mutumin ya ce ba nan na saya ba. Har wajen shugabannin kasuwa mun je, ba abin da aka yi.

Malamin makaranta: Mai tambaya, wane mai kake ƙara wa giyar? Toyota kan rubuta irin man a jikin sandar ko a littafin mota, Dexron ko T-IV. Ba a zuba wanda aka ga dama.

Mai tambaya: Jan mai ne dai, wanda duk masu mota ke saye a tasha. Kuma maganar lodi, Oga, ba na wuce abin da kowa ke ɗorawa. In na rage buhu, kuɗin fetur ma ba zai fita ba.

Oga bakanike: To ka ji. Kawo ta Jega in saurare ta, amma na gaya maka, kar wani ya kwance kusar juye man nan.

Direba, Koko: Har yanzu ba ka faɗi launin man ba.

Mai tambaya: Yaro ya fita da ita ɗaukar kaya, sai dare. Amma in na juye rabi kawai fa? Akwai lodin Yauri ranar Asabar, kuma na riga na karɓi kuɗin mutane.