Da rotari ɗan koyo zai fara goge fenti, ko da inji mai rawa?

Ɗan koyo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata takwas ke nan ina wankin mota, yanzu ina so in shiga gyaran ƙyallin fenti, kuma kuɗin inji ɗaya tak na tara. Maigidana ya ce rotari zan saya, wato injin da faifan gogewarsa ke juyi a wuri ɗaya, wai duk wanda bai fara da shi ba ba zai taɓa zama gwani ba, inji mai rawa kuwa, wanda ake kira DA, mai juyi yana kuma kewayawa, na masu goge motarsu ranar hutu ne. Wani abokina ya ce kafin in gane kan rotari na ƙone wa mutane fenti. Don Allah manya ku raba min gardama.

Baba mai fenti: Wa alaikumus salam. Yaro, maigidanka gaskiya ya gaya maka. Na fi shekara 25 ina fesa mota ina gogewa, da rotari da faifan ulu na tashi. Inji mai rawa ɓoye wa mutum kuskurensa yake. Ka danne shi ko ka karkata shi, sai faifan ya daina juyi, ba abin da ya faru, ba kuma abin da ka koya. Rotari kuwa ka ɗan ɗaga gefe ɗaya, nan take ya ja ka, hannunka ya san ya yi ba daidai ba. Wanda ya iya rotari, a ba shi DA da safe, kafin yamma ya iya. Wanda ya saba da DA, a ba shi rotari ka ga yadda zai bi shi da gudu a kan bonet.

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara girma. Ban musa ƙwarewarka ba, amma a bari ɗan koyo ya san abin da yake gogewa tukuna. Fentin da mota ta fito da shi daga masana'anta hawa-hawa ne: faraima a ƙasa, launi a tsakiya, kiliya (fenti garai-garai marar launi) a sama. Duka-duka kaurinsu yakan tashi maikiron 100 zuwa 150, kiliyar kaɗai 35 zuwa 50. Farar takardar firinta guda ɗaya ta kai maikiron 100. Wato abin da kake wasa da shi bai wuce rabin kaurin takarda ba. Kuma goge fenti ba shafa masa ƙyalli ba ne, aske kiliyar ake yi har ta yi daidai da zurfin ƙarzanen da ke cikinta. Abin da aka aske ya tafi ke nan. Ita ce kuma ke tare wa launi zafin rana, idan ta yi siriri sai ka ga bayan wani lokaci ta yi fari tana ɓarewa.

To rotari a wuri ɗaya yake juyawa, ƙarfin injin kai tsaye yake zuwa faifan, ba ya tsayawa komai dannewarka. Na yi lissafi: faifai mai faɗin milimita 180 a juyi 1,500 cikin minti, bakinsa yana gudun kusan kilomita 50 a awa. Wannan bakin ne ke sauka a kan ƙusurwar ƙofa.

Baba mai fenti: Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ba a goge mota da alƙalami. Wuƙa ma tana yanka, ba a hana ɗan mahauci riƙe ta.

Hajiya mai baƙar mota: Ni ba sana'ata ba ce, amma ku bar ni in sa baki, don a jikin motata aka koya. Na kai ta wani wuri a fitar mata da zane-zanen wanki. Da na je ɗauka a inuwa take, kamar madubi, na biya na yi godiya. Washegari da rana ta take na ga wasu layuka masu walƙiya suna bin ido duk inda na motsa, daga bonet har but. Bayan wanki biyu abin ya ƙara fitowa. A ƙusurwar bamba kuma akwai wani tabo mai launin toka kamar girman farce. Na koma, aka ce sai dai a sake fesa bambar gaba ɗaya. Yaron da ya yi aikin bai yi da mugunta ba, an dai miƙa masa inji ne da motata. Baba, wannan asarar a kan wa za ta hau?

Baba mai fenti: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. A kan ubangidansa za ta hau, shi ya kamata ya biya. Amma laifin mai koyarwa ne, ba na inji ba.

Oga mai gareji: Hajiya, layukan nan sawun rotari ne. Tunda faifan hanya ɗaya yake bi, ƙananan zanen da yake bari duk gefe ɗaya suke kallo, shi ya sa rana ke haska su tare. DA yana juyi yana kuma kewaya, zanensa a warwatse suke, ido ba ya kama su. Dalilin da ba ki gani ba a ranar kuwa, maiƙon man gogewa ne ya cike su, sabulu ya zo ya wanke. Shi ya sa nake sa yarana su share wurin da sifirit da aka sirka da ruwa, su haska tocila kafin su ce sun gama. Bamba kuma roba ce, ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, a wuri ɗaya yake taruwa, fentin ya yi laushi ya murɗe.

Amma ina ganin Baba da Injiniya ba aiki ɗaya suke magana a kai ba. Baba sabon fenti yake gogewa, wanda shi ya fesa da hannunsa. Ya san yawan kiliyar da ya zuba, kuma ta hannu takan fi ta masana'anta kauri. Ya bi ta da samfefa 1500 ko 2000 ya kwantar da ƙurajen, sannan ya fitar da sawun samfefar. A wannan aikin rotari da ulu ba su da na biyu wajen sauri, ni ma shi nake ɗauka. Idan kuma ya huda, bindigar fenti na rataye a bayansa. Ɗan koyonmu fa? Motar da za a kawo masa bai san sau nawa aka goge ta ba kafin shi, kuma ba shi da wurin fesawa.

Baba mai fenti: Wannan kam na yarda, akwai bambanci. Sai dai kada ku sa yaron ya ɗauka DA ba ya ɓarna. Da idona na ga an huda kiliya a layin fenda da shi.

Injiniya: Haka ne, Baba. Ba irin DA na da ba ne yanzu. Porter-Cable 7424 da aka daɗe ana koyo da shi ba shi da ƙarfi sosai, amma Rupes suna da masu kewayen milimita 15 da 21, ka haɗa su da faifan maikirofaiba da man gogewa mai kaushi, suna ci sosai. Akwai kuma Flex 3401 da haƙoran giyar cikinsa ke tilasta masa juyi, shi ma ba ya tsayawa. Wannan ma hujjata ce: yawancin aikin da ake cewa sai rotari, yanzu DA na yi, kuma ya gama ba sawu.

Baba mai fenti: Ka kai shi lungun ƙofa mai lanƙwasa ka ga yadda yake tsayawa yana kaɗa maka hannu. Rotari da ƙaramin faifai santsi yake bi.

Sabon shiga: Ku yi haƙuri da katsalandan. Ina da injin yankan ƙarfe irin na masu walda, idan na ɗaura masa soso ba zai yi ba?

Oga mai gareji: Kul, ɗan'uwa. Rotarin goge fenti irin Makita 9227C daga juyi 600 zuwa 3,000 cikin minti yake, kuma da wuya mu wuce 1,800. Ƙaramin injin yankan ƙarfe yana kai 11,000. Fentin zai ƙone, sosan ma yana iya tsinkewa ya same ka a fuska.

Ɗan koyo: Na gode ƙwarai. Oga, to da kai ne ni, ya za ka yi? Maigidana yana da tsohon rotari, na san zai bar ni in taɓa bayan an tashi.

Oga mai gareji: Ai ka sami mafita. Kuɗinka ka sayi DA, da shi za ka taɓa motar mutane. Rotarin maigida kuma ka nemi tsohon bonet a wurin masu tarkacen motoci, baƙi idan da hali, don baƙi ba ya rufa asiri. Ka ɗaure shi a kan teburi kada ya motsa. Ka ware fili kamar santimita 50 a kowane gefe, kada ka wuce. Faifan soso mai matsakaicin laushi, ɗigo uku ko huɗu na man gogewa. Ka baza a juyi 600, ka hau 1,200 zuwa 1,500 kana tafiya a hankali, kowane layi ya hau rabin na baya, sannan ka sauko wajen 900 ka sassauta hannu don gamawa. Faifan a kwance, inji kada ya tsaya wuri ɗaya. Ka riƙa taɓa ƙarfen da bayan hannu. Idan ba ka iya barin hannun a kai, ka wuce gona da iri.

Rana ɗaya kuma ka ƙone shi da gangan. Tsayar da injin a tsakiya ka ƙirga daƙiƙun da zai ɗauka kafin ya ƙone, sannan ka je bakin bonet ka sake ƙirgawa. Sai ka ga da idonka yadda baki ke tafiya tun ba ka shirya ba, da yadda launi ke bayyana a jikin soso. A fenti mai kiliya, ganin launi a soso na nufin an riga an huda.

Injiniya: In ƙara abu biyu. Ƙarzanen da farcenka ya maƙale a ciki, kada ka bi shi har ƙarshe da kowane inji, ka dai rage masa kaifi. Idan ka sami hali ka sayi na'urar awon kauri, amma ka sani irin ta yau da kullum jimillar fentin take ba ka, ba kiliya kaɗai ba, kuma ba ta karanta roba.

Hajiya mai baƙar mota: Ni dai roƙona, ranar da ka fara ɗora rotari a motar wani, ka gaya wa mai ita tukuna.

Baba mai fenti: Har yanzu ina kan bakana, da ɗana ne rotari zan saya masa, don wanda ya ɗanɗana sauƙi da wuya ya dawo wa wahala. Na ga da yawa da suka ce za su koya daga baya, har yau suna nan. Amma tunda bonet za ka nema, ji nan. Ka liƙe bakuna da robobi da tef. Wayar wuta ka rataya ta a kafaɗa, ka naɗe hannun riga. Idan ka zo baki, ka duba inda faifan ke juyawa: ya riƙa fita daga kan fenti zuwa iska, kada ya shigo ya daki bakin. Ka riƙa kakkaɓe sosan, busasshen mai shi ke yin zane. Bayan mako biyu ka turo mana hoton bonet ɗin, a tsakar rana za ka ɗauka, ba a inuwa ba.

Ɗan koyo: In sha Allahu, Baba. Gobe zan je neman bonet.