Tambaya: mai bi da ya yi barci, ina ransa yake kafin tashin matattu?

Uwar Tagwaye, Zuru:
Salama 'yan'uwa, don Allah a taimaka mini. Surukina ya rasu watan jiya, dangin maigidana 'yan Katolika ne, ni kuwa a ikkilisiyar Furotesta ta UMCA na tashi. Yanzu sun ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa a kai wa Fada a yi wa Baba sujadar Mas don ransa ya samu hutu, alhali tun muna Sande Sukul aka koya mana cewa mai bi na rufe ido ya tafi wurin Ubangiji ke nan, addu'ar masu rai ba ta ƙara masa komai. To yana ina yanzu? Bawan Allahn nan ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa, abin yana ci mini rai sosai.

Malamin Littafi, Dabai:
Sannu da rashi 'yar'uwa, Allah ya ba da haƙuri. Buɗe Luka 23:43, ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ba a ce masa ya jira ba, cewa aka yi yau ɗin nan zai kasance tare da shi a Firdausi. Bulus ma a Filibiyawa 1:23 ya ce ya fi so ya tashi ya zauna tare da Almasihu. Jiki ne ke kabari yana jiran ƙaho, rai yana wurin Ubangiji. Wanda bai ba da gaskiya ba kuwa, duba mai arzikin nan na Luka 16 da ya roƙi a ɗiga masa ruwa a harshe. Sai bayan shari'a ake maganar tafkin wuta, Wahayi 20.

Katikis, Yauri:
Malam ka yi bayani, amma bari in faɗi namu tunda mutane da yawa ba su fahimce mu ba. Mu ma mun yarda da sama da gidan wuta, kuma Fagatori, wato tsarkakewar rai bayan mutuwa kafin shiga sama, ba dama ta biyu ba ce, wanda ya mutu yana ƙin Allah babu Mas ɗin da zai fid da shi. Magana ce ta wanda ya mutu cikin alherin Allah, cetonsa tabbas ne, amma da sauran ɗan datti a zuciya, fushi da ɗan'uwa ne ko haƙƙin wani da bai gyara ba, kuma Wahayi 21:27 ta ce ba abu mai ƙazanta da zai shiga birnin. Kamar wanda ya dawo daga gona ne ranar biki, gidan nasu ne ba mai korarsa, amma sai ya wanke ƙafa kafin ya hau tabarma. A 2 Makabi 12 Yahuza Makabi ya tara kuɗi ya aika Urushalima a yi hadaya domin sojojinsa da suka mutu, sai dai littafin yana cikin littattafan Baibul 73 namu, babu shi cikin 66 naku, tushen saɓanin ke nan. Babban taron shugabannin Katolika na Trent ya sake tabbatar da koyarwar a 1563, kuma duk 2 ga Nuwamba muna yi wa dukan matattu masu bi addu'a. Kuɗin nan kuma ba sayen sama ba ne, kyauta ce, ko babu ko sisi Fada zai yi Mas ɗin.

Ɗan Asabar:
Mu Adventist ba mu tare da ku duka biyun. Mai Hadishi 9:5 ta ce matattu ba su san komai ba, Yesu da kansa ya ce Li'azaru barci yake. Baba yana hutawa har Almasihu ya dawo, 1 Tasalonikawa 4:16.

Uwar Tagwaye, Zuru:
Na gode ƙwarai. Gaskiya ina nan kan abin da na tashi a kai, amma hankalina ya kwanta da na ji ba cewa suke Baba yana wuta ba, don abin da na ɗauka ke nan har na kasa barci. Baba Katikis, in na je Mas ɗin ran Asabar me ya kamata in yi?

Katikis, Yauri:
Ki je 'yata, ki zauna kusa da surukarki, ki yi waƙa da su, ki yi addu'a yadda kika saba. Jibi Mai Tsarki ne kawai ba za ki karɓa ba, in sun tashi layi sai ki zauna a wurinki, ba wanda zai ce miki uffan.